Kaset ɗin Zinariya

Kpangalam, Sokode
8 ga Yuli, 2024

Zuwa ga jikata Hadiyya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mahaifiyarki Safiyatu da duk mutanen gidanku. Ni dai alhamdu lillahi. Gwiwar hagu ta ƙi ni tun da damina ta sauka, amma ina kai kaina masallaci da sanda.

Wataƙila ba ki gane mai rubutun ba. Ni ne Mahama, tsohon da kika miƙa wa ruwa ranar sunan ɗan Hamida. Kakanki Muntasir ɗan ƙanen mahaifina ne, a tabarma ɗaya muka kwana muna yara a Zongo. Saboda haka ke jikata ce, ko kin so ko kin ƙi.

A ranar na ga wayarki ta yi ƙara, kika miƙe kika ce wa uwarki sarba ta faɗi, kika bar shinkafarki kika nufi tasha. Safiyatu ta ce mini wata na'ura ce a asibitin da kike aiki can Dapaong, ita ke riƙe da sunayen marasa lafiya da magungunansu, ke kuma kike tsaronta don kada kome ya ɓace. Tun ranar abin yake cina. Shekara talatin da huɗu na yi a gidan waya, ni ma kayan mutane na tsare. Amma ni buhu nake tsaro, ina ganinsa, ina taɓa hatiminsa. Ke me kike tsaro, tunda ba a ganinsa? In kin shiga da safe me kike fara yi? Kuna da ƙa'idodi? Ki rubuto mini su. Ina da sabon kaye, littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ba ni da abin rubutawa a ciki.

Yanzu ga ainihin abin da ya sa na ɗauki bik, wato alƙalami. A 1984 aka tura ni aiki garin da kike, na yi shekara uku. Matata Zinariya, Allah ya jiƙanta, ta zauna a Sokode tare da mahaifiyata. Ba ta yi lekol ba, wato makarantar boko, kuma ba ta yarda mai rubuta wasiƙa na bakin kasuwa ya ji cikinta ba. Sai ta riƙa aron rediyo mai kaset, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa ta yi maganarta, a kawo mini. In na saurara sai in ɗauki amsata a kan tata in mayar. Haka kowa yake yi a lokacin. Kaset ɗaya ya yi ta kai da kawowa, kowace magana tana share wadda ta gabace ta. Saƙonta na ƙarshe ne kaɗai ban amsa ba, domin da kaina na dawo. Shi ya rage.

Kin san matan zamaninmu ba sa faɗin sunan miji. Shekara arba'in da ɗaya muna tare, Malam take ce mini, in ta ji haushi ta ce mai gidan waya. Amma a farkon kaset ɗin nan, wajen gaisuwa, ta faɗi sunana. Sau ɗaya. Ban taɓa gaya mata na ji ba.

Yana cikin gwangwanin biskit, naɗe da ɗankwalinta, a ƙasan akwati. Rabona da jinsa tun 1987. Tana da rai ban bukaci jinsa ba, da ta rasu shekara tara da suka wuce kuma na kasa. Allah bai bar mana 'ya'ya ba. Burina in sake jin wannan kalma kafin a kira ni. To ke mai tsaron abin da ba a gani, ajiyata ta yi daidai?

Wayata ta kumbura kamar burodi, na jefa ta a aljihun tebur. Ki ba Bukari direba amsar, yana saukowa Sokode sau biyu a mako, ya san ƙofata.

Kakanki,
Mahama


Dapaong
14 ga Yuli, 2024

Kaka,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi. Na gane ka mana. Kai ne tsohon angon da ya ce ruwan da na kawo bai yi sanyi ba, amma ya shanye har da neman ƙari. Na buga wannan da manyan baƙaƙe don idonka.

Ka tambayi ƙa'idodi. Ba a lekol na koyi yawancinsu ba, wahala ce ta koya mini. Ka ga ranar sunan nan? Na yi tafiyar yini guda ina salati, na iso na tarar mai shara ce ta zare wayar wutar sarba ta sa butar shayi. Tun ranar, kafin in zargi babban abu sai na duba waya tukuna.

In abu ya lalace, tambayata ta farko ita ce: me ya canza? Na'urar da ta yi aiki jiya ba ta ƙin aiki yau haka kawai. Kowa zai rantse maka bai taɓa kome ba. Sai ka zauna da shi, ka tambayi lafiyar yara, can sai ya ce ai ɗan wani abu kaɗai ya danna. In kuma zan gyara, abu ɗaya nake canzawa in duba, sannan na biyu. In ka canza uku a tare ya gyaru, ba ka san wanne ya gyara ba. In ya ƙara lalacewa, ba ka san wanne za ka mayar ba.

Ba na taɓa babban aiki ranar Juma'a, domin in ya ɓaci duk masu taimako sun tafi hutu. Kuma duk abin da na yi ina rubuta shi da ranarsa da lokacinsa, ko da kuskure ne. Musamman ma kuskure.

Wadda ta fi duka ita ce ta ajiya. Kullum sarba tana kwafe abin da ke cikinta zuwa wani wuri, don in ta mutu a samu madadi. Wanda na gada aikin ya shekara biyu yana wannan kwafin, hankalinsa kwance. Ranar da aka bukace shi aka buɗe, ba kome a ciki. Shi ya sa duk wata nake buɗe nawa in tabbata yana nan. Ajiyar da ba a taɓa gwadawa ba, ba ka san kana da ita ba, zato kawai kake yi.

Maganar kaset ɗin Kaka Zinariya ta sa ni hawaye a biro, a tsakiyar ofis ɗinmu. Ban san kaset sosai ba, zamaninsa ya wuce kafin in yi wayo. Akwai wani mai gyaran rediyo kusa da kasuwa, Fayçal, zan tambaye shi in rubuto maka.

Jikarka,
Hadiyya


Kpangalam, Sokode
18 ga Yuli, 2024

Amaryata ta Dapaong,

Gaisuwa da fatan kin tashi lafiya. Ki ce wa Safiyatu na gode, ruwan ɗumin ya taimaka.

Na kwafe ƙa'idodinki a kaye da jan bik. Labarin butar shayi ya ba ni dariya har na yi tari. Mu ma mun taɓa neman buhun wasiƙun garin Mango kwana biyu, ashe shugabanmu ne yake zaune a kansa saboda kujerarsa ta karye.

Har na gwada tambayarki a kan gwiwata. Na zaunar da kaina na ce, Mahama, me ya canza? Na rantse ban taɓa kome ba. Can sai na tuna tun da mai kokon bakin titi ta koma Adjengre na daina fita da safe, matar maƙwabcina Huseini mahauci ce take aiko mini. Wato ba damina ba ce, zama ne. Jiya na taka har bakin titi na dawo. Ashe aikinku yana yi wa mutum ma.

Ina da tambaya. Kin ce sarba tana kwafe kanta zuwa wani wuri. In an kwafe, na farkon ba ya raguwa? Mu in an yi kwafi da takardar kabon, na uku ba ya karantuwa.

Amma ƙa'idar ƙarshe ce ta hana ni shan koko. Na karanta ta sau biyar. Na gane ladabi ne ya sa ba ki ambaci kaset a wurin ba, amma da ni kike. Kin yi gaskiya. Shekara talatin da bakwai ina gadin buhun da ban buɗe ba. Wa ya sani ko danshi ya cinye shi? Wa ya sani ko muryar ta gudu ta bar mini roba?

Huseini yana da tsohon rediyo mai kaset a rumbunsa, ya ce in ɗauka. Gobe Juma'a, ba zan taɓa ba, kin ga ɗalibinki yana ji. Ranar Litinin da hantsi in Allah ya kai mu zan gwada, in rubuta ranar da lokacin kamar yadda kika ce. Ba sai kin wahalar da Fayçal ba.

Rabon da in jira wata rana haka har na manta.

Kakanki,
Mahama


Dapaong
20 ga Yuli, 2024

Kaka,

Ka yafe mini gajerar gaisuwa. KADA KA SA KASET ƊIN A REDIYON HUSEINI. Don Allah kada ka sa shi a kowane rediyo.

Rabin ƙa'ida na ba ka. Ɗaya rabin shi ne: ba a gwaji da abin da guda ɗaya ne tak. Kwafi ake gwadawa. In abu ba shi da na biyu, aikin farko shi ne a yi masa na biyu, a hannun wanda ya iya, da injin da aka riga aka gwada da wani abin da ba a damu da shi ba. Fayçal ya ce robar cikin tsohon rediyo takan narke ta yi danƙo, ta kama zaren kaset ta tauna.

Na nemi lambar Huseini, Inna ba ta da ita. Bukari ya yi mini alkawari gobe Lahadi zai sa wannan a hannunka. Ka mayar da shi gwangwani ka jira ni.

Hadiyya


Kpangalam, Sokode
23 ga Yuli, 2024

Hadiyya,

Ina gaishe ki. Jikina lafiya. Tunda kin ce a rubuta ko kuskure ne, ga abin da ke cikin kaye.

Litinin, 22 ga Yuli, ƙarfe goma saura kwata. Na goge rediyon da tsumma, na sa sababbin batura, na duba waya. Na yi alwala, ban san dalili ba. Na sa kaset na danna.

Ya yi shuuu. Sai zakara ya yi cara, zakaran gidanmu na Zongo da aka cinye tun kafin a haife ki. Sai ta gyara murya. Hadiyya, ta gyara murya kamar tana bayan labule. Ta ce, "Salamu alaikum." Daga nan muryar ta yi kauri, ta ja kamar ta namiji mai barci, sai wani ƙara kamar ɓera a cikin takardu. Yatsuna ba su da sauri yanzu. Kafin in sami maɓallin tsayarwa na danna biyu da ba su ba.

Da na buɗe, zaren ya naɗe a jikin wata 'yar roba. Na ja a hankali. Bai zo ba. Na ƙara ja. Ya tsinke.

Na kira Huseini ta kan katanga. Ya shigo da wuƙarsa a hannu, ya leƙa ya ce, "Kai, Malam, kamar hanjin kaza." Da ya ga fuskata sai ya ajiye wuƙar. Ya ce, "Wallahi bara ma ya yi mana wa'azi lafiya lau." Na ce, "Wace barar?" Ya yi lissafi, ya ce, "Barar da na aurar da Hanifa." Ɗan Hanifa yana aji uku yanzu. Ban yi masa faɗa ba. Ni ne ban tambaya ba tun farko.

Abin da ya tauna ya kai tsawon hannu da rabi. Kuma kin san inda yake. Daidai bayan sallama, wajen gaisuwa.

2 ga Agusta

Ban aika da na sama ba. Kunya ta hana ni. Kullum ina duban hanya ko amsarki za ta zo, da ba ta zo ba sai na ce ai yarinya tana da aikinta, tsoho ya cika ta da surutu.

Sai na ce bari in gyara da kaina. Mu a gidan waya duk abin da ya yage da gefen takardar kan sarki muke liƙe shi, farin nan mai danƙo da ake yarwa. Ina da ragowarsa a cikin ƙamus. Na shimfiɗa zaren da ya yamutse, na danne shi da ƙamus ɗin kwana uku. Jiya na yanki ɗan gefen kan sarki, na lasa, na haɗa bakin biyu, na naɗe da bik. Ya yi kyau a ido. Huseini ya wanke robar rediyon da kananzir. Na so in sake gwadawa yau da safe, har na ɗauko, sai na tuna Juma'a ce. Na ce to, gobe.

Bayan an sauko daga masallaci sai ga Bukari a ƙofa, yana ta ba da haƙuri. Motarsa ta mutu a Kante, ta yi kwana goma sha biyu a gareji, wasiƙarki tana cikin aljihun motar. Na karanta a tsaye. Na zauna na sake karantawa.

Na mayar wa Huseini rediyonsa. Kaset yana cikin gwangwani. Ban san ko liƙin da na yi ya ƙara ɓata shi ba. Ki gaya mini gaskiya, ni ba yaro ba ne: sunan ya tafi?

Mahama


Dapaong
5 ga Agusta, 2024

Kaka,

Ina gaishe ka da jiki, ina gaishe ka da haƙuri. Ni kuwa da na ji shiru sai na ɗauka wasiƙata ta same ka, ka ji haushin jika ta yi maka tsawa da manyan baƙaƙe. Ban bi sawu ba. Wannan ma karya ƙa'ida ce, domin saƙon da ba a tabbatar ya isa ba, a ɗauka bai isa ba. Kai da ka yi gidan waya ka fi ni sanin haka.

A wurin aikinmu in abu ya ɓaci ba ma tambayar wa ya yi, muna tambayar yaya aka yi. In ana neman mai laifi kowa sai ya ɓoye abin da ya danna, gyara ya gagara. Kai ba ka ɓoye kome ba. Na karanta wa Fayçal bayaninka, ya ce da duk masu kawo masa gyara haka suke, da bai yi furfura ba. Da na kai wajen kan sarki ya riƙe kai, sannan ya ce a gaishe ka, shi bai taɓa ganin kaset mai tambarin gidan waya ba.

Gaskiyar da ka nema: ban sani ba. Ba zan ce maka yana nan ba, ba zan ce ya tafi ba, sai an duba.

Yanzu kada ka cire takardar, kada ka ƙara naɗewa, kada ka shanya shi a rana. Ranar Asabar 10 ga wata zan zo da kaina in karɓa. Abin da guda ɗaya ne ba ya shiga aljihun motar Bukari. Ka tanadar mini wagashi, cukun nan na nonon shanu, ango ba ya karɓar amarya hannu sake.

Tambayarka ta kabon: a'a, namu ba ya raguwa. Na dubu daidai yake da na farko.

Jikarka,
Hadiyya


Dapaong
25 ga Agusta, 2024

Kaka,

Na iso lafiya tun ranar, Inna ta cinye rabin wagashin. Ina fatan kana nan kana takawa bakin titi.

Ga yadda aka yi. Fayçal ya kwance kaset ɗin, ya goge fumfunar da ta fara kama gefe, ya cire takardarka ya sa tasu. Danƙon ya tafi da fatar zaren kamar tsawon yatsa. Ya gwada injinsa da kaset uku na banza tukuna, sannan ya sa naka sau ɗaya tak, muryar tana shiga kwamfutata. Yanzu tana wuri uku: a wurina, a wurin Hamida a Lome, da cikin ɗan rediyon da Bukari zai ba ka tare da wannan. Ko gari ɗaya ya ci wuta, tana nan. Na buɗe kowanne na tabbata. Wannan rediyon ba ya taunawa, ka saurara sau dubu in ka so.

Za ka ga lamba biyu. Ta ɗaya Fayçal ya gyara, ya rage shuuu ɗin, ya yanke daga inda ta yi ban kwana. Ta biyu ita ce yadda ya fito, ba a taɓa kome ba. Ya ce a goge ta, ba ta da daɗin ji. Na ƙi. Ba ma yar da kwafin farko, kome muninsa.

Yanzu abin da ya fi wuya. Wajen da ya tauna daƙiƙa arba'in ne, ba a jin kome sai gurnani. Ka yafe mini, na saurari sauran tun daga sallama har ban kwana, minti ashirin da shida, ina neman kalmar. Ban ji ta ba. Ina jin tana cikin arba'in ɗin nan. Mun yi iya yinmu, Kaka.

Amma muryarta tana nan garau. Ba ka gaya mini tana da ban dariya haka ba.

Jikarka,
Hadiyya


Kpangalam, Sokode
2 ga Satumba, 2024

Jikata Hadiyya,

Assalamu alaikum. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki kamar yadda kika yi mini. Ki gaida Safiyatu, ki gaida Fayçal, ki ce ina sa shi a addu'a. Jiki da sauƙi. Wannan karon na sa Bukari ya sa hannu a kaye kafin ya ba ni saƙon, ya yi ta dariya.

Kwana biyu rediyon yana kan tebur ban taɓa ba. Ran Laraba da hantsi na danna lamba ɗaya.

Na manta ƙuruciya ce da ita a lokacin. Muryar da nake ɗauke da ita a kaina ta tsohuwa ce, wannan kuwa yarinya ce mai sauri, tana haɗiye ƙarshen kalma. Kuma ni a tunanina maganar kewa ce cike da kaset ɗin. Ina! Rufin ɗakin Innata mahaifiyata yana yoyo. Yayanta ya aiko da doya daga Kparatao, rabi ta ruɓe a hanya. Akuyar maƙwabta ta ci mata zane a kan igiya, ta kwaikwayi yadda mai akuyar ta zo ba da haƙuri, har da muryarta ta hanci. An gaya mata na rame, ta ce in ban iya dafa tuwo ba ai na iya saye, ko kuwa mutanen Dapaong iska suke ci? Na yi dariya ni kaɗai har matar Huseini ta leƙo ta ce, "Malam, baƙi ka yi?" Na ce eh.

Sunan kuwa babu, kamar yadda kika faɗa. Na yi kwana biyu ina jin kamar an sake yi mini rasuwa, kuma da hannuna. Ba zan ɓoye miki ba.

Ran Asabar aka wuni ana ruwa, ban iya fita ba. Sai son sani ya taso mini, kin san halina. Na ce me ya bambanta lamba biyu da ta ɗaya, da har jikata ta yi gardama a kanta? Na danna. Shuuu ɗin ya fi yawa, gurnanin yana nan. Na saurara har ta ce, "To, sai na ji daga gare ka, Allah ya tsare." Rediyon yana kan tebur, ni ina kan gado, gwiwa ta hana ni tashi in kashe. Na bar shi.

Sai na ji ƙas. Na sake jin ƙas, ƙas. Awarwaronta suna kaɗawa kusa da injin. Ta ja tsaki. Sannan can ƙasa-ƙasa, ba da muryar da take yi wa kaset ba, da muryarta ta tsakar gida, ta ce:

"Oh ni Zinariya. Ina ake kashe abin nan? Mahama, Mahama, ka tafi ka bar ni da kayan wahala."

Minti ashirin da bakwai da 'yan daƙiƙu. Na rubuta a kaye. Sau biyu ta faɗa, ba sau ɗaya ba. Daga nan ta ɗauka ya mutu, ta tashi ta kama shara. Ana jin tsintsiya, ana jin ta kori kaza, ana jin Inna ta kira ta daga waje ta amsa, har kaset ya ƙare da kansa.

Kin ga abin da kaina ya yi mini. A cikin shekarun nan ya ɗauko kalmar daga ƙarshe ya kai ta farko, ya wanke ta, ya sa mata turare, ya mai da ita gaisuwa. Da kin tambaye ni da na rantse. Abin da rediyon Huseini ya ci, ina jin jerin masu gaishe ni ne, su Inna da maƙwabta. Allah ya jiƙansu, na amsa gaisuwar.

Ki buɗe taki lamba biyun ki ji, na ba ki izini. Kada ki gaya wa Fayçal da faɗa, shi ma kunnensa a kan ban kwana ya tsaya, kamar naki.

Tun shekaranjiya nake juya abu ɗaya. Da na ɗauka kyauta ce ta yi mini da gangan, sau ɗaya, ta rufe ƙofa ta daure ta faɗa. Ashe ba ta ma san injin yana ji ba. Ba da ni take ba, da kanta take. Kuma yadda sunan ya fito daga bakinta, ba tuntuɓe, ba kunya, ba bakin da ya fara faɗinsa ranar ba ne. Shekara arba'in da ɗaya ina Malam a gabanta. Ashe in na fita, haka take kirana.

Kakanki,
Mahama